Har Ragon Suna Ya Kamu da Shawara

"Ni Isufu, in na ɗora hannu a kan na'ura, ko shekara bakwai ta yi a kabari sai ta tashi ta ce mini ina kwana!"

Haka yake faɗa, abokina, kuma ba sau ɗaya a rana ba. In ka taɓa ratsa Kasuwar Assihar ta Tamanrasset a shekarun nan da salula ta fara shiga aljihun kowa, to ka ga mutumin, ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne ɗan siririn nan mai teburi a bakin layin masu atamfa, tabarau a goshi maimakon ido, turnabis uku na kwance kusoshi a aljihun gaba kamar alƙaluman alƙali. Abin da ke kan teburin bai wuce batura da caja da rigunan waya ba. Amma a jikin kwali ya rubuta da jan fenti, manya-manya: ISUFU TEKNIK, INJINIYA.

Ina ya yi karatun injiniyan? Ranar Litinin ya ce Oran, ranar Alhamis ya ce Faransa. Waɗanda suka taho mota ɗaya da shi daga Tasawa kuwa sun ce wata huɗu ya yi yana share wani shagon intanet a Gardaya, har ranar da ya ga kwamfutoci sun yi datti ya wanke su da ruwan sabulu, aka nuna masa ƙofa. Ni kaina na taɓa kai masa rediyo da ke ɗan shaƙewa. Da ya gama gyara, rediyon ya daina shaƙewa, gaskiya. Ya daina magana ma gaba ɗaya.

Babban makamin wannan gwanin na-iya wata kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wadda yake kira "ordinater" yana murguɗa baki kamar mai tsotsar tsamiya. Wani Bature ɗan yawon buɗe ido ne ya bar ta, bayan raƙumi ya gurfana a kan jakarsa a hanyar Tazruk. Cikinta lafiya lau, tana kunnuwa, tana huci, amma gilashin ya tsage ya yi baƙi ƙirin. In ka tambayi Isufu yadda yake aiki da makauniyar na'ura, sai ya ce, "Ɗan koyo ne ke kallon gilashi. Mu da zuciya muke gani."

To, akwai wani bawan Allah, Amadu, magini daga Mirriya, yana aiki a wani shantiye, wato wurin gini, a unguwar Tahaggart. Mutum ne da sai ka yi masa tambaya uku kafin ya ba ka amsa ɗaya. Ya baro matarsa Rakiyatu da ƙaramin ciki, yana nan yana ɗora bulo kan bulo aka yi masa waya cewa ta sauka lafiya, an samu 'ya mace, an sa mata Amatullahi. 'Yar fari ke nan, bai taɓa ganin fuskarta ba. Wansa ya ɗauko mai hoto daga Damagaram ya ɗauki bikin sunan, aka zuba a cikin ɗan abin nan mai kama da yatsa da ake kira kle, aka ba wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo. Kwana uku Amadu yana yawo da kle ɗaure a bakin hankici, bai san ramin da ake zura shi ba.

Rabon wahala ya kai shi teburin Isufu.

"Wanga?" in ji Isufu, yana juya kle a hannu. "Wasan yara. Abin da ya rage mana tele. Ka ce wa jama'a su hallara ranar Juma'a, zan kawo maka Mirriya har gabanka, da ƙamshin tuwon suna."

Tele kuwa, wato talabijin, ɗaya ce ta dace a duk unguwar: ta Hajiya Sauda, mai gidan abincin da mu 'yan Nijar ke taruwa bayan sallar Juma'a mu ci shinkafa da wake. Sabuwa ce fil, shafal kamar faranti, daga Aljer aka kawo mata. Da leshi take rufe ta, kuma ko ƙuda bai isa ya sauka a kai ba sai da izini.

Ranar Juma'a gidan ya cika. Magina, leburori, masu shaguna, har da Inna Larai, tsohuwar da ke sayar da saiwoyi da sassaƙe a Assihar, ta zo da kwandonta ta zauna gaba. Ni ina gefe da kwano a hannu, saboda haka abin da zan gaya maka ba ji na yi ba, gani na yi.

Isufu ya shigo da farar riga da ordinater a hammata, yana gaisawa da kai kamar minista. Hajiya Sauda ta yaye leshi, ta nuna shi da ludayi.

"Isufu, in ka lalata mini tele, da kai zan yi miyar gobe."

"Hajiya, ke da tukunya, ni da lantarki. Kowa ya tsaya a gonarsa."

Ya zaro wata igiya mai shuɗin kai, bakinta da 'yan haƙoran ƙarfe sirara goma sha biyar. Gefe ɗaya ya shiga bayan ordinater salin alin. Ɗaya gefen, na bayan tele, ya ƙi. Ya tura, ya ƙi. Ya ƙara turawa har jijiyar wuyansa ta fito.

"Kamar a juye ka sa shi," in ji Hajiya Sauda.

"Sabuwar tele ce, bakinta bai saba ba."

Sai ya cire takalmi ya ba kan igiyar dundu biyu. Muka ji ƙyas. Ya leƙa, ya dube mu ta wutsiyar ido, ya yi tari, a cikin tarin nan ya juya kan igiyar a ɓoye. Nan take ta shige.

"Kun gani? Na'ura kamar jaki ce, sai ta san mai ita."

Ya zura kle, ya shiga danne-danne a makance. Tele ta yi baƙi, ta yi ƙifce, ta yi baƙi. Can sai ga kiɗan kalangu, ga ƙofar gidan su Amadu, ga jama'a zaune kan tabarmi. Gidan abinci ya ɗauki sowa. Sai sowar ta tsaya a rabi, domin duk mutanen Mirriya kore ne shar, kamar an tsoma su a miyar kuka.

"Lafiya?" in ji wani lebura. "Wancan ba kawun Amadu ba ne? Me ya mai da shi ɗanyen kabewa?"

"Jahilci dai ciwo ne," in ji Isufu. "Ba ku san Mirriya garin lambu ba ne? Hasken ganye ne ke dukan fuska."

"Liman ma a lambu ya kwana?"

Aka fashe da dariya. Isufu ya sauko da tabarau daga goshi zuwa ido, alamar magana ta yi tsanani. Ya zaga bayan tele da pinsi, wato filaya, ya kama 'yan kusoshin da ke gefen kan igiyar ya murɗa, ya murɗa, har tele ta yi ƙara. Kore ya ɓace. Mirriya ta koma rawaya, rawaya sosai, irin ta ƙwanduwar ƙwai.

Ya fito yana karkaɗe hannu. "Wala, ga shi nan! Wannan ita ce kala ta asali. Garanti."

Kafin wani ya yi musu, mai hoton ya shiga ɗaki, ya matso da na'urarsa kan zanen goyo. Aka buɗe. Ga Amatullahi, ta cika tele, ta buɗe ido tana kallonmu. Fuska rawaya. Tafin hannu rawaya. Farin idon nan rawaya kamar an ɗiga manja.

Amadu ya miƙe tsaye, kwanonsa ya kife.

Inna Larai ta matso da fuska. "Hmm. Da a hannuna aka miƙo mini yarinyar nan, da na ce shawara ce."

Shawara, wato ciwon nan da ke sa ido da fata su yi rawaya. Shi ya ɗauke ɗan yayar Amadu shekara biyu da suka wuce, kuma duk mun sani. Kalangu kuwa na ta bugu a Mirriya.

Tsohuwar ta juya. "Isufu, tsakaninka da Allah. Kalar nan ta yarinya ce, ko ta igiyarka ce?"

To, abokina, nan ne mai hankali zai ce, "Inna, igiya ce, ku ba ni minti biyar." Da an yi dariya an wuce. Amma ido arba'in na kansa, kuma yanzun nan ya ce garanti. Sarkin cika baki ya gyara wuyan riga.

"Ordinater ba ta ƙarya. Abin da ido bai gani ba, shi take gani. A Oran da irin wannan likitoci ke leƙa cikin mutum."

"Inna lillahi," in ji Amadu.

Fim dai bai tsaya ba. Ga Rakiyatu tana murmushi, rawaya. Ga surukar Amadu tana rabon goro, rawaya. Ga wanzami, rawaya.

"Su ma duk sun kamu?" in ji Hajiya Sauda.

"Ai gida ɗaya suke kwana."

Sai ga ragon suna ɗaure a turke yana tuƙa, rawaya tun daga ƙaho har kofato.

"Har rago?"

"Annoba ce, Hajiya. Ku gode wa Allah ba ku ci naman ba."

"Rawanin liman fa?"

"Gumi ne. Mai shawara guminsa rawaya ne, kowa ya sani."

"To bangon masallaci fa? Shi ma gumin ya yi?"

Isufu ya yi kamar bai ji ba. Amadu kuwa da gaske bai ji ba, domin ya riga ya fita ƙofa da salula a kunne. Layin Nijar a lokacin sai an yi ihu, saboda haka duk muka ji. Surukarsa ce ta ɗauka, ita kuma kunnenta ɗaya ya yi ritaya tuntuni.

"Inna! Amadu ne! Yarinya tana da shawara!"

"Wa?"

"Amatullahi! Shawara gare ta!"

Muryar tsohuwa ta fito tsiririt daga wayar: "Kai Amadu, yarinyar da ko arba'in ba ta yi ba, wace shawara za ta ba ka? In shawara kake so, bari kawunka ya dawo daga gona!"

Layi ya yanke. Ya sake kira sau huɗu, bai shiga ba. Ya dawo ciki idonsa jawur.

"Tafiya zan yi. Akwai kamiyon da ke tashi zuwa In Gezam, bakin iyaka, bayan la'asar."

Muka taso masa. Kwana biyar a hanya in an yi sa'a, ga takardu, ga jandarma, kuma patron ɗinsa, mai ginin, ba zai jira ba, ranar Asabar zai ba wani aikin. Wata bakwai na wahala zai tashi a banza. Amadu bai saurari kowa ba, yana ta neman takalminsa ɗaya a ƙarƙashin benci.

Hajiya Sauda ta tare ƙofa da jikinta, kuma ƙofar ta taru. "Ba inda za ka sai an sake dubawa. Isufu, taɓa abin nan mu ga ko kalar za ta motsa."

"Don dai hankalinku ya kwanta," in ji shi.

Ya ɗauki abin sarrafa tele ya danna nan, ya danna can. Rubutun tele ya tashi daga Faransanci ya koma wani harshe mai kama da sawun kaji. Ya ajiye shi a hankali kamar ba shi ya taɓa ba. Ya koma kan ordinater, ya duƙa, ya haɗa yatsu huɗu ya danna maɓallai a tare. Mirriya ta ɓace. Wata 'yar fitila ta kama a saman tsagaggen gilashin. Ashe akwai ɗan idon ɗaukar hoto a wurin, shekara guda yana tare da na'urar bai sani ba.

Sai ga fuskar Isufu ta cika tele.

Kai, abokina! Hanci kamar tulu, tabarau a karkace, gumi na tsatsafowa. Goshi rawaya. Kunne rawaya. Ido rawaya fiye da na jaririya. Haƙoran kam ba a yi musu ƙazafi ba, goro ya riga ya gama da su.

Ya ɗaga gira, na cikin tele ya ɗaga. Ya rufe baki, na cikin tele ya rufe.

"Subhanallahi," in ji Hajiya Sauda, a hankali, tana ninke hannu a ƙirji. "Injiniya, ashe kai ma?"

"A'a, wannan ai..."

"Ordinater ba ta ƙarya. Ko tana yi?"

Ka ga inda ta ajiye shi? In ya ce tana ƙarya, ya ƙaryata kansa a gaban rabin Tahaggart. In ya ce ba ta yi, to ga majinyaci. Muka zuba ido.

"Gaskiya," in ji shi, yana dafa ciki, "dama kwana biyun nan ina jin kasala."

"Allah sarki!" in ji Inna Larai, har ta jawo kwando. "Ka yi sa'a, ɗana, ga ni kusa. Sauda, akwai wuta a murhu?"

Saiwar rawaya, ganyen filasko cike da hannu biyu, tsamiya, da wani baƙin sassaƙe da ita kaɗai ta san sunan uwarsa. Aka tafasa, aka tace, aka firfita. Ƙwarya guda, cike har baki. Warin kaɗai ya kori kuliyar gidan. Na ga tsohuwar ta ƙifta wa Hajiya Sauda ido, na sunkuyar da kai cikin kwanona.

"A Oran ƙwaya ake ba mutum," in ji Isufu da ƙaramar murya.

"Nan Tamanrasset ne. Bismillah."

Ya sha. Wallahi ya sha, har ƙasa, yana hawaye, yana cewa ba ɗaci. Ya ajiye ƙwarya ya fara yi mana bayanin yadda cuta ke bin iska daga Damagaram ta haye Sahara. Bai kai Arlit a bayanin ba cikinsa ya yi wata ƙara kamar kamiyo na hawan dutse. Maganin Inna Larai ba ya jiran gobe. Ya miƙe a hankali, ya ce zai je ya duba mitar lantarki a bayan gida. Taku uku na farko ya yi su da mutunci. Sauran da gudu.

Ƙofar bayi na rufuwa, Hajiya Sauda ta zaga bayan tele, ta kwance kusoshin, ta zare kan igiyar ta kai bakin taga.

"Ku zo ku ga shawarar," in ji ta.

Muka leƙa. Haƙora goma sha huɗu na tsaye reras. Guda ɗaya ya kwanta ruf da ciki, daidai inda takalmi ya same shi.

"Tsefe ma in haƙorinsa ya kwanta ba ya kama gashi."

Ta zaro tsinken tsifa daga ƙarƙashin ɗankwali, ta sa bakinsa ƙarƙashin ɗan haƙorin, ta ɗaga shi sannu sannu har ya tsaya cikin 'yan'uwansa. Ta mayar da igiya, ta ɗaure da yatsa biyu. Da ta zagayo gaban ordinater sai ga ta a tele, baƙa kyakkyawa yadda Allah ya yi ta, da shuɗin mayafinta, shuɗi sosai. Ni da na taɓa leƙen masu aiki a shagon intanet na ja 'yar kibiyar nan na rufe hotonta. Kalangu ya dawo.

Rawanin liman fari tas. Bangon masallaci fari. Rago fari da baƙin kunne, lafiyayye, ba abin da ke damunsa sai wuƙar da ke jiransa. Muka mayar da fim baya zuwa ɗaki, aka buɗe zane.

Ga Amatullahi, wankan tarwaɗa, kumatu kamar an hura, farin idonta kamar nono. Ta yi hamma, ta dunƙule hannu.

Amadu ya zauna daɓas a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa. Yana dariya hawaye na zuba. Ya rarrafa ya kai yatsansa mai kaushin siminti kan kumatun yarinyar, a jikin gilashin da ƙuda ba ya sauka, Hajiya Sauda kuwa ba ta hana shi ba.

"Hancin Rakiyatu ne," in ji shi. "Kunnen nawa ne. Ku duba kunnen!"

Ba mu taɓa jin ya jera magana haka ba tun zuwansa garin. Inna Larai ta rangaɗa guɗa, gida ya ɗauka, har maƙwabta Larabawa suka leƙo suna tambayar auren wa ake yi.

Sai wata murya ta taso daga bayan gida, a shaƙe, tsakanin nishi da nishi:

"Kala ta dawo ko? Na sani! Saitin da na yi ne ya kama! Yana ɗaukar minti goma!"

Muka kwashe da dariya har ba mai sauran numfashi.

Sai da muka kalli fim ɗin sau biyu, aka kira la'asar, kamiyon In Gezam ya tashi ba Amadu, sannan ƙofar bayi ta buɗe. Isufu Teknik ya fito dafe da bango, a lanƙwashe kamar lauje, tabarau na rataye a kunne ɗaya. Fuskar nan ba rawaya, ba baƙi, ta yi fari-fari kamar tokar murhu.

Inna Larai ta dube shi sama da ƙasa. "Alhamdu lillahi, rawayar ta fita. Amma Sauda, kamar ta tafi da sauran kalolin."

"Ba komai, Inna, na gane ciwon," in ji Hajiya Sauda. Ta sake zaro tsinken tsifa, ta goge shi a gefen zane, ta nufo shi. "Shi ma lanƙwashewa ya yi. Ku riƙe mini shi in miƙe shi."

Injiniya bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Muka ji sakatar bayi ta ce ƙarat, daga ciki.